DAGA KUNNEN BAKANIKE ZUWA SENSA: TARIHIN INJIN GAS A ƘASAR DUTSE

Maƙalar wannan makon gareji za ta kai mu, don haka sai kowa ya naɗe hannun riga.

Lokacin da nake karatun difloma an tura mu zaman koyon aiki na wata huɗu kamar yadda aka saba, ni kuwa na faɗa wani garejin manyan motoci a nan Dutse. Maigidanmu dattijo ne da ya haura shekara 60, babba da yaro Baba ake ce masa. A Kano ya koyi aiki, tun Jigawa ba ta zama jiha ba. Idan aka kawo masa mota ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya sa a tayar da ita, ya ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Can sai ka ji ya ce, "Nozul ta uku ce." A kwance, a tarar ita ɗin ce.

Wata rana aka zo aka ɗauke mu zuwa wani ramin ɗibar burji a bayan gari. Wata katafila mai haƙa ce ta sa mutane a gaba. Da sanyin safiya za ta tashi lafiya lau, amma da zarar ta ɗauki zafi aka kashe ta, to sai dai a jira ta huce. Tifofi sun yi layi, direbobi da yaransu sun yi jugum a inuwa, kowa kuɗin cefanensa ya maƙale a cikin ramin nan. Baba ya canza filtar gas, ya fitar da iska daga layi, ya duba tanki ko da ruwa a ciki. Kwana biyu shiru. A rana ta uku mai katafilar ya kira wani matashi daga Kano, ya zo da kwamfuta a jakar goyo, ya jona ta, aka murza makulli, ya zuba wa allon ido.

"Baba, ai gas ɗinku lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ƙarfin baƙin mai ne bai kai ba. Sensa ce ta faɗa wa ƙwaƙwalwar injin, ita kuma ta hana shi tashi."

Baba ya dube shi ya ce, "Yaro, shekara 40 ina wannan sana'a. Me ya haɗa baƙin mai da tashin inji?"

Tambayar nan ba ta rashin sani ba ce. A duk injinan da Baba ya tashi a cikinsu, babu abin da ya haɗa su: gas shi ake ƙonawa, baƙin mai kuwa aikinsa sanya ƙarfe ya yi santsi. Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta ƙofar gidanmu fiye da yadda muke zato.

INJIN DA YA SHA MAN GYAƊA

Man da muke kira gas, wanda a rubuce ake ce wa dizal, sunan mutum ya gada. An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris a 1858, iyayensa Jamusawa ne. Ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1893, sannan a 1897 injinsa ya yi aiki sosai a garin Augsburg na ƙasar Jamus. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya buƙatar fulogi. Fistin ne ke matse iska zalla har zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa mai a cikinta ya kama wuta da kansa.

Ke nan sirrin injin gas duka a feshin nan yake. Dole man ya shiga da ƙarfin da ya fi na matsattsiyar iskar da ke ciki, dole ya tarwatse kamar hazo, dole kuma ya shiga a daidai lokacinsa. Diesel da iska mai ƙarfi yake hura man, abin da ya sa injinansa na farko suka zama ƙatti, sai masana'antu da jiragen ruwa.

Ga wani abin da zai ba Bajigawe sha'awa. A bikin baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900, an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Shekara 12 bayan haka jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Legas, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma a 1930 aka kai layin dogo Nguru ta Ringim da Malam Madori. Dogon bai biyo ta Dutse ba. Gyaɗar Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu a bayan jakuna da raƙuma ta fara tafiya, kafin motoci su karɓe su. Shi kuwa Diesel bai ga wannan zamanin ba, domin a 1913 ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a kan hanyarsa ta zuwa Ingila.

ZAMANIN ƘARFE ZALLA

Wanda ya taimaka sosai wajen sauko da injin gas daga jirgin ruwa zuwa kan titi shi ne kamfanin Bosch na Jamus, da ya fara ƙera famfon injekta da yawa a 1927. Famfo ne na ƙarfe zalla. Injin ne ke juya shi, kowace silinda da ɗan fistin ɗinta da ke tura mata gas ta siririn bututu zuwa nozul. A cikin nozul akwai sifirin da ke danne allura, ba za ta buɗe ba sai ƙarfin man ya rinjaye shi. Babu waya, babu kwamfuta.

A wajejen 1930 kuma kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fito da injinsa mai silinda ɗaya da manyan ƙafafun juyi biyu, mai tafiya a hankali, juyi 650 a minti. An ci gaba da ƙera shi har 1987, kamfanonin Indiya kuma suka ɗora da kwaikwayonsa. Wannan shi ne kakan injin niƙan da ya raba iyayenmu mata da dutsen niƙa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Miga ko Buji ko Gwaram ya san sautinsa da hantsi, ya san layin ƙwarya da kwano a ƙofar shago, ya san yadda ake wana hannu a tayar da shi. Daga baya ƙananan injinan ƙasar Sin suka cika kasuwa saboda arha, amma su ma tsarinsu na ƙarfe ne.

A kan titi kuwa, Marsandi 911 mai gajeren hanci ita ce ta zama jakar kasuwanni, daga Shuwarin zuwa Sara, daga Gujungu zuwa Maigatari. A shekarun 1970 da 1980 har harhaɗa irin waɗannan motoci da taraktoci ake yi a cikin ƙasar nan: Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. A wannan makarantar su Baba suka yi karatu. Iliminsu a kunne yake da tafin hannu da hanci. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari na nufin gas bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga. Shuɗi na nufin injin na shan baƙin mai. Su sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wanda aka sassauta muryar injin ba ta canza ba, nan ciwon yake.

Ko a lokacin akwai mai gadin baƙin mai, sai dai mai gadi ne da ba shi da iko. A wasu motocin agogo ne mai allura, wanda asalinsa wani lanƙwasasshen bututu ne da Bafaranshe Eugène Bourdon ya ƙirƙiro a 1849. A wasu kuma ɗan makunni ne da ke kunna jar fitila a gaban direba idan ƙarfin man ya faɗi. Fitila za ta kama, amma hukunci na direba ne: ya tsaya ko ya ci gaba.

YADDA INJI YA SAMU ƘWAƘWALWA

Abin da ya canza lissafi bai faru a nan ba. Hayaƙi ne ya dami biranen Turai da Amurka, suka kafa dokokin rage shi. Turai ta fara da matakin da ake kira Euro 1 a 1992, Amurka kuma ta ƙara tsaurara nata a 1994. Don rage hayaƙi dole a fesa gas da ƙarfi mai yawa ko da injin na tafiya a hankali, a kuma auna lokacin feshin daidai wa daida. Famfon ƙarfe ba zai iya ba, domin ƙarfinsa ya dogara da gudun injin. Sai aka ɗora wa inji kwamfuta, wadda kanikawanmu ke kira ƙwaƙwalwa. Tun a 1987 kamfanin Detroit Diesel ya fito da babban injin da kwamfuta ke sarrafa shi gaba ɗaya.

To amma ƙwaƙwalwa ba ta da kunne irin na Baba. Dole a ba ta 'yan rahoto, su ne sensa. Sensar ƙarfin mai ba ta wuce babban yatsa ba. A cikinta akwai wani siririn faifai da mai ke dannawa, idan ya ɗan lanƙwasa sai wutar da ke ratsa shi ta canza. Tushen wannan fasaha binciken da Charles Smith ya yi ne a 1954 a Amurka, inda ya gano yadda matsi ke canza tafiyar lantarki a cikin sinadarin silikon. Yawanci wayoyi uku ne da ita: ɗaya ta kawo mata wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ta ukun kuma ta mayar da rahoto, wuta kaɗan idan ƙarfin ya yi ƙasa, da yawa idan ya hau.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce amsar tambayar Baba. Kamfanonin Caterpillar da Navistar na Amurka sun ƙirƙiro wani tsari mai suna HEUI, wanda ya shahara a motocin Ford daga 1994, ya kuma shiga injinan Caterpillar irin su 3126 da C7 da C9. A wannan tsarin baƙin mai ne ke tura gas. Akwai famfo na biyu da ke ɗibar baƙin man injin ya matse shi, ya aika kan kowace injekta. A can sai ya danna wani fistin mai faɗin kai da siririyar ƙafa, ƙarfin ya ninku kusan sau 7 a kan gas ɗin da ke ƙasa. Don mu gane girman abin, mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska 32 a agogonsa. A injin Ford ɗin nan, baƙin man yana kaiwa daga 500 zuwa 3,000 a wannan ma'aunin, gas ɗin kuma ya fita da kusan 21,000. Idan sensa ba ta ga wajen 500 ba lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwa ba za ta buɗe injekta ko ɗaya ba. Mai gadi ya samu iko.

Hanya ta biyu ita ce ta bututun tarayya, inda famfo ɗaya ke tara gas ɗin kansa a cikin wani kakkauran bututu, duk injektoci su sha daga nan. Kamfanin Denso na Japan ya sa shi a babbar motar Hino a 1995, sannan a 1997 ya fito a ƙaramar mota Alfa Romeo 156, fasahar Fiat da Bosch. Na Alfa Romeo ɗin yana kaiwa ma'aunin ba 1,350, na yanzu kuwa ba 2,000 zuwa 2,500. Ba 2,000 ya ninka iskar tayar mota kusan sau 900. Nan ma akwai sensa a jikin bututun tana kai rahoto. Wannan tsarin ne ya yi rinjaye a duniya, har Caterpillar ma ta koma kansa a wasu sababbin injinanta.

A lura da wani tarko na harshe. Mu komai "mai" muke cewa, don haka idan aka ce "sensar mai" abu uku ake iya nufi: mai gadin santsin inji, ko mai auna baƙin man da ke tura injekta, ko mai auna gas a bututun tarayya. Da yawa an sha sayo wadda ba ita ba saboda wannan.

SHIGOWARSU DUTSE

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni. Garin da bai wuce hedikwatar ƙaramar hukuma ba ya wayi gari yana buƙatar sakatariya, gidajen ma'aikata, tituna da ruwan famfo. Duk wannan aikin injin gas ne. Abin lura shi ne shekarun da Dutse ke tasowa su ne daidai shekarun da injin ke samun ƙwaƙwalwa a waje.

Ba su iso nan take ba, domin mu yawanci na hannu muke saye, sai inji ya gama ƙuruciyarsa a Turai ko Amurka. Janareto ne ya fara gabatar da mu ga mai gadi mai iko. Bayan shigowar wayar salula a 2001, turakun sadarwa suka bazu, kowanne da janaretonsa na gas, haka bankuna da asibitoci da ofisoshi. Waɗannan janaretoci suna da allon da ke kashe injin da kansa idan ƙarfin baƙin mai ya faɗi. Sai kuma manyan ayyuka: tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta biyo ta Shuwarin, gine-gine da titunan zamanin Gwamna Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015, Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, filin jirgin sama a 2014, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse da aka ƙaddamar a 2021. Kowane aiki ya zo da injinansa. Idan kamfani ya gama ya tafi, wasu injinan sukan faɗa hannun 'yan kasuwar gida, su kuma su faɗa hannun su Baba. Sunan ma ya riga ya zama namu, tunda duk wata ƙatuwar na'urar aikin hanya katafila muke ce mata, ko wane kamfani ya ƙera ta.

Sai dai injinan sun tarar da ƙasar da ba don ita aka yi su ba. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga gas ɗin jarka da wani lokaci ake samun ruwa ko kananzir a ciki. Tsohuwar 911 takan haɗiye wannan ta wuce. Injektar zamani kuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafanta ba ta kai kaurin silin gashi ba, ƙwayar ƙura ɗaya aiki ce. Ga kuma farar wuta da ke cikin man. A Satumban 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan ƙazamin gas da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. A Disamban wannan shekarar Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu suka amince su sauko zuwa 50. Farar wuta tana saurin lalata baƙin mai, a injin HEUI kuwa lalataccen baƙin mai lalataccen feshi ne.

Daga nan aka samu wata ɗabi'a da ta ci dukiyar mutane: idan sensa ta dame ka, zare wayarta. Janareto na kashe kansa, sai a cire masa mai gadin, ya ci gaba da ruri. Mako biyu ko uku sai a ji ya buga, metal ya narke, kuranshaf ya tafi. Abin da juyen mai da filta za su magance ya koma sai an nufi Ƙofar Ruwa a Kano neman rabin inji. Wanda ya kashe zakara don ya hana gari wayewa, barcinsa kawai ya ƙara.

MU KOMA RAMIN BURJI

Matashin nan na Kano ya ce a canza sensar, wataƙila ƙarya take yi. Aka aika aka sayo sabuwa da kuɗi masu ciwo, aka ɗaura. Katafila ta yi zafi, aka kashe, ta ƙi tashi. Lambar da ke allon ba ta motsa ba. Ashe tsohuwar gaskiya take faɗa.

Duk wannan lokacin Baba yana zaune a kan wata taya yana tunani. Can ya kira matashin.

"Zo nan, ɗana. Ka ce baƙin mai ne ke tura gas ɗin?"

"Shi ne, Baba."

"Kuma da safe yana kaiwa, sai ya yi zafi yake gazawa?"

"Haka kwamfuta ta nuna."

"To ai mai idan ya yi zafi tsinkewa yake yi. Akwai inda yake zurarewa. Ku buɗe mini murfin sama."

Muka buɗe. Ya sa aka murza makulli, ya duƙa da tocila yana bin injektocin ɗaya bayan ɗaya. A gindin ta biyar sai ga mai yana ɓulɓulowa. Zoben robar da ke toshe wurin ne ya ƙone ya tsage. Da sanyi man na da kauri, ɓarakar ba ta cinye ƙarfinsa. Da zafi kuwa sai ya bi ta nan ya tsere. Da aka tambayi direban yaushe rabon a juye mai, sai ya sunkuyar da kai. Baba ya zare injektocin da hannunsa, aka canza zobban duka, aka juye mai da filta. Kafin la'asar ɗin washegari tifar farko ta fita da kaya.

Kwamfuta ta faɗi abin da ya gaza, amma ba ta san dalili ba. Baba ya san halin mai da ƙarfe, amma ba don allon nan ba da har yau yana neman iska a layin gas. Abin da ke ba ni tsoro shi ne waɗannan ilimai biyu ba a gida ɗaya suke zaune ba. Masu kunne suna tsufa, yaransu na guduwa zuwa acaba da Adaidaita Sahu saboda aikin da suka iya yana raguwa. Mu da muka je makaranta kuma mun iya zanen waya a takarda, amma da yawanmu ba za mu bambance kukan nozul da na metal ba. A tsakani, mai inji a Jahun ko Birnin Kudu yana biyan kuɗin motar wani daga Kano don ya zo ya karanta masa lamba ɗaya.

A kan hanyarmu ta komawa gari Baba bai ce uffan ba, sai da muka kusa gareji ya juyo ya dube ni.

"Kai ɗan boko, irin na'urar yaron nan, ana koya muku ita a makaranta?"

Na ce, "A littafi dai mun gani, Baba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka nemo wanda zai koya maka. Idan ka iya, ka zo ka karanta mini lambobin, ni kuma in koya maka sauraro."

Har yau ban gama cika wannan alkawarin ba, amma na fara. Duk wanda a garinsu akwai tsohon mai injin niƙa ko tsohon direban 911, don Allah ya zauna da shi ya tambaye shi shekarar da injin farko ya shigo garin da wanda ya kawo shi, ya ajiye mana amsar a ƙasa. Wannan ɓangaren tarihin a bakinsu kawai yake.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.